Da Takalmina Nake Kwana

Damina huɗu ke nan
tun daren da kwarin Bogo ya buɗe baki
ya haɗiye ɗakin baya da keken ɗinkina,
da katangar da ban gama biyan kuɗin bulonta ba.
Na fito da Hammayo a kafaɗa,
ƙafa ba takalmi, kwalba ta tsaga mini dunduniya.
Ba a rasa rai ba.
Duk wanda ya zo jaje sai ya tuna mini:
ai ba a rasa rai ba.

Yanzu a Tumfure muke haya, bisa tudu,
inda ko ruwan Ɗufana sai ya yi haki kafin ya iso.
Na san haka. Kaina ya sani.
Amma da takalmina nake kwana.

Dija ta taɓa ɓoye shi bayan buhun masara.
Ƙarfe biyun dare ta same ni a durƙushe
ina laluben siminti, gumi har gwiwar hannu.
Ta yi faɗa, ta yi dariya, wata rana ta yi kuka,
daga baya ta sayo zanin gado mai duhu
don kada ƙasa ta nuna.

An yi mini rubutu, na sha.
Liman ya ce tawakkali, na ce na'am,
kuma ban yi masa ƙarya ba.
Sai dai ɗigon farko a kan kwano
ba ya tsayawa neman izini wurin imanina.
Kafin in ce a'uzu
zuciya ta riga ni zuwa bakin ƙofa.

Ga kuma sigarin da na bari tun ina saurayi.
Duk rani ni mai cika alkawari ne.
Hadari ya haɗo daga gabas,
sai in tsinci kaina a teburin Ɗanjuma
da canji a hannu,
ban san lokacin da ƙafa ta yanke shawara ba.

Sista Rifkatu, 'yar Kaltungo,
ita ta zana mini ƙwaƙwalwa a bayan katin asibiti.
Ta ɗiga biro can ciki, ta ce nan akwai mai gadi,
bai fi ƙwayar gyaɗa ba, bai iya duba kalanda ba.
A daren nan ya busa usur, ya fitar da ku.
Har yau bai ji an ce gari ya waye ba.
Shi kuwa mai lissafin da ke bayan goshi,
wanda ke ɗaukar maka alkawari,
da usur ya tashi, fitilarsa ke fara mutuwa.
Ta ce, ba ragwanci ba ne, Malam Bappayo.
Na kalli silin don kada ta ga idona.

Ni tela ne, ai na san wannan.
Ka warware ɗinki, ramukan allura na nan.
Yadin da ya daɗe a ninke
kan tsohon karinsa yake komawa,
ba ya jin tsawa.
Sai ka yayyafa ruwa, ka ɗora dutse,
ka ɗaga, ka sake, gobe ma ka sake.

Jiya an yi ruwa tun bayan isha'i.
Na zauna bakin gado ina ƙirga numfashi
yadda ta koya mini, huɗu ciki, shida waje.
Na ce wa mai gadin, sannu da aiki,
nan Tumfure ne.
Bai yarda ba. Ya dai rage murya.
Hammayo ya fita tarar ruwa a indararo,
yana waƙa, ɗan banza, a cikin ruwan.

Na sha rabin kara, ba zan ɓoye ba.
Sannan na sunkuya na cire na hagu.
Na dama ya kwana a ƙafata.

Da asuba Dija ta gan shi a ƙasa, shi kaɗai.
Ba ta ce komai ba.
Ta share ɗakin, ta kewaye shi da tsintsiya.